Gwiwoyin Hansai Mai Awara

Akwai wata mata a unguwar Jabiri cikin garin Funtua, sunanta Hansai, amma an fi saninta da Hansai mai awara. Shekara ashirin da bakwai tana zama a kan 'yar kujera a zauren gidansu, kasko a gabanta, tana suya. Sana'ar ta rufa mata asiri, amma ita ce kuma ta cinye mata gwiwoyi.

Sai da ta kai in za ta tashi sai ta dafa bango. Jiki ya yi nauyi, baya ya riƙe, sallah ma a kan kujera take yi. Likita ya duba ta ya ce, "Mama, ƙwaya kaɗai ba za ta yi miki ba. Jikin nan sai ya motsa."

Ta ce to. Ta dawo gida ta ci gaba da zamanta.

'Ya'yanta biyar, huɗu maza, sai autarta Yasmin da ke aure a Malumfashi. Wata rana Yasmin ta zo ganin gida da cikinta na fari, wata huɗu. Suna tsintar waken suya a tsakar gida, ta yi ta jujjuya magana a baki, daga baya dai ta faɗa.

"Inna, surukata ta ce in na haihu ba sai na taho gida wanka ba. Wai ita za ta sa a yi mini a can, tunda ke ba ki iya tsugunawa."

Hansai ba ta ɗago kai daga faifai ba. Ita da ta yi wa 'ya'yan ƙannenta wankan jego, ta yi wa na maƙwabta, yau an zo kan 'yarta mace guda ɗaya, ana cewa ba ta iyawa. Abin da ya fi mata zafi shi ne ba ƙarya aka yi ba.

Yasmin ta ga yadda fuskar uwarta ta canza, sai ta ce, "Inna, kin tuna Amatullahi da muka yi makaranta tare? Ta karanto gashin ƙashi a Zariya. Ta buɗe wa mata ajin motsa jiki a gidansu a Tudun Wada, Laraba da Asabar da hantsi. Miƙa ake yi da jan numfashi, ana haɗawa da 'yar rawa. Yoga suke ce masa."

"Rawa?" in ji Hansai. "Ni? Da furfurata? Ke dai ba ki da hankali."

Gaskiyar magana, Hansai ba ta taɓa shiga fili ta taka rawa ba tunda take. Ko tana budurwa, in ana kiɗan biki, ita ce mai riƙe wa ƙawaye mayafi. Ba abin da take tsoro a duniya kamar a zuba mata ido a yi mata dariya.

Amma maganar surukar nan ta ƙi barin zuciyarta. Bayan kwana uku ta ce wa mijinta Malam Lawal, mai sayar da masara a kasuwa, za ta fara zuwa gashin ƙafa. Ba ta ambaci kiɗa ba, ba ta ambaci rawa ba. Ya ce Allah ya sa a dace.

Ranar Laraba ta hau Napep har ƙofar gidan. Tana shiga zaure ta jiyo kiɗan ƙwarya yana tashi a hankali. Ta leƙa. Mata kusan ashirin a kan tabarmi, sun ɗaga hannuwa sama suna karkata hagu da dama. Ta juya ta tari wata Napep ta koma gida.

Ranar Asabar ma haka ta yi.

Laraba ta zagayo, tana tsaye a zauren tana shirin juyawa, sai ga wata matashiya ta fito da kwando a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Mama, ni ce Amatullahi. Sau biyu ina hango gefen mayafinki. Me ke mayar da ke?"

Hansai ta ce, "'Yata, abu uku ne. An ce abin nan bautar Indiyawa ne. Ina tsoron a ɗauke ni a waya a watsa. Sannan dubi jikina. In na faɗi, wa zai ɗaga ni?"

Amatullahi ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na farko, daga can abin ya samo asali, ba zan ɓoye miki ba. Amma miƙar muka ɗauka da numfashin, ba ma kiran sunan kowa, ba ma rusuna wa komai. Da bisimilla muke farawa. Na biyu, ga kwandon nan, duk waya a ciki take zama har a tashi, har da tawa. Na uku kuwa, in kin faɗi, ni zan ɗaga ki. Aikina ke nan."

Hansai ta daɗe tana kallon kwandon. Can sai ta kwance bakin zaninta, ta ciro 'yar wayarta ta jefa a ciki.

Aka ba ta wuri a can baya, kusa da bango. Aka ce a ja numfashi, ta ja. Aka ce a ɗaga hannu, nata ya tsaya a kafaɗa. Kiɗa ya ɗan ƙara sauri, aka ce a taka dama, a taka hagu, a juya ƙugu. Kowa ya yi dama, ita ta yi hagu. Ta yi ƙoƙarin gyarawa, ƙafa ta harɗe, sai ji kake tim, ta zauna daɓas a kan tabarma.

Wata ta fashe da dariya kafin ta toshe baki. Aka kashe kiɗa. Abin da Hansai ta yi shekara hamsin da uku tana gudu, ga shi ya same ta, idanun mata ashirin a kanta.

Ta zauna tana jiran ƙasa ta tsage. Ƙasa ba ta tsage ba. Ta taɓa ƙugunta, ba abin da ya karye. Sai ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Ashe iyakar abin ke nan?

Ta miƙa wa Amatullahi hannu. "Kin ce aikinki ne. Ɗaga ni. A sake kunna abin."

Matan suka ɗauki tafi.

Daga ranar ba ta ƙara fashi ba. Ba wai daɗi take ji ba. Makon farko cinyoyinta kamar an yi musu duka da taɓarya. Amma ko ranar da babu aji, kafin ta ɗora kasko sai ta shimfiɗa tabarma a ɗaki ta yi abin da aka koya mata.

To, Hansai tana da maƙwabciya, Tasalla, sa'arta ce, mai sayar da atamfofi gida-gida. Siririya ce mai ƙarfin jiki, kullum tana alfaharin ko Panadol ba ta sha. Ga baki. Ta lura da fitar Hansai, wata Asabar ta bi bayanta, ta shiga da sunan ta zo tambaya, ta ƙare wa ajin kallo ta fita.

Washegari akwai suna a unguwar. Tasalla ta cusa filo biyu a cikin zaninta, ta shiga tsakiyar mata tana ɗingishi tana karkaɗa hannuwa.

"Ku kauce, ga Hansai mai awara ta zo! An bar suya, an koma gala!"

Mata suka yi ta dariya har da masu hawaye. Kafin kwana biyu magana ta game unguwa. Masu sayen awara suna miƙo kwano suna cewa, "A zuba mana ta rawa." Hansai ta zuba musu, ta ci gaba da suyarta.

Ranar Talata bayan la'asar Malam Lawal ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba.

"Hansai, gashi kika ce mini. Yau a kasuwa, a gaban abokan cinikina, ake tambayata wace rana matata ke wasa, za su zo kallo."

Da a da ne, da kuka za ta sa, ta ce ta daina. Amma sai ta ce, "Malam, na ɓoye maka rabin magana. Wannan laifina ne, ka yafe mini. Tsoro na ji kada ka hana. Akwai kiɗa, akwai rawa. Amma kafin ka yanke hukunci, dube ni."

Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, nesa da bango. Ta tattara ƙafafunta, ta ja numfashi, ta miƙe tsaye. Ba ta dafa komai ba.

Malam Lawal ya tsaya da hularsa a hannu. Rabon da ya ga haka shekara uku.

"Sake," in ji shi.

Ta zauna, ta sake miƙewa.

"Maza na shiga wurin?"

"Ko ɗaya. Waya ma ba ta shiga."

Ya mayar da hula kansa. "Gobe Laraba ko? Kada ki hau Napep. Ni zan kai ki a babur, kuma ta bakin kasuwa za mu bi. Mai magana ya faɗa mini a idona."

Haka kuwa aka yi.

Tafiyar ba ta miƙe sumul ba. A wata na uku gwiwar hagu ta kumbura, Amatullahi ta hana ta takawa har kwana goma. Hansai ta ce ba za ta zauna a gida ba. Ta riƙa zuwa tana zama a kujera, tana yin na hannu da na numfashi. A wata na huɗu, wata azahar, ta ture kujerar sallah gefe, ta kai goshinta ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, dardumar sai da ta jiƙe.

Yasmin ta haihu ana tsakar girbin masara, 'ya mace. Hansai da kanta ta shiga mota zuwa Malumfashi. Ta shiga ɗakin surukar 'yarta, ta durƙusa har ƙasa suka gaisa, ta miƙe ba tare da an kama ta ba, sannan ta ce, "Hajiya, na zo roƙon a ba ni mai jego."

Hajiyar ta dube ta sama da ƙasa, ta yi murmushi. "Ai 'yarki ce. Bayan suna ku tafi."

Kwana arba'in Hansai na hura wuta, tana ɗaukar ruwan zafi, tana tsoma ganye tana yi wa 'yarta wanka, tana dama kunun kanwa, ta miƙe ƙafa ta ɗora jikarta a kai ta wanke ta tas. Ba ta nemi kowa ya karɓe ta ba.

A cikin waɗannan kwanaki ne aka ji Tasalla ta yanke jiki ta faɗi a gidan wata mai sayen atamfa. Ashe hawan jini ya daɗe a jikinta, ba ta taɓa zuwa an gwada ba. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace. Asibiti suka sallame ta, suka ce lallai ta riƙa zuwa gashi. Ta ce ita ba inda za ta, ba za ta fita mutane su ga yadda ta koma ba. Matan da take ba dariya suka zo dubiya sau ɗaya, ba su ƙara dawowa ba.

Ranar da Yasmin ta koma ɗakinta, Hansai ta kira Amatullahi suka shiga gidan Tasalla tare. Tasalla na ganinsu ta ja mayafi ta rufe fuska. Amatullahi ta duba hannun da ƙafar, ta nuna wa Hansai abin da za a riƙa yi kullum da abin da ba za a yi ba, ta ce ita za ta riƙa leƙowa duk mako.

Washegari da safe Hansai ta dawo ita kaɗai. Ta zauna a bakin gado, ta kama hannun da ya mutu, ta fara murza yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Tasalla ta yi magana da ƙyar, hawaye na bin gefen bakinta. "Hansai... ni ce na sa filo a gidan suna. Ni na kai maganarki kasuwa."

"Na sani," in ji Hansai. "Ja numfashi. Yanzu ɗaga hannun."

"Ba zai ɗagu ba."

"Yau ba zai ɗagu ba. Ɗaga dai."

Wata uku Hansai na shiga gidan nan kowace safiya kafin ta ɗora kasko. Hannun bai dawo kamar da ba, har yau yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Amma Tasalla na ɗaura ɗankwalinta da kanta, tana zuwa ajin da sanda. Duk wadda ta yi wa sabuwar zuwa dariya kuwa, da Tasalla za ta haɗu, don bakin nan yana nan, sai dai ya canza aiki.

Darasi: Abin da kake tsoron a yi maka dariya a kansa, wataƙila a nan lafiyarka take. Dariyar mutane ta kwana biyu ce, ciwon da ka zauna da shi saboda kunya kuwa kai kaɗai zai kwantar. Kada kuma ka yi wa mai neman lafiya ba'a don kana jin ƙarfi a yau, ba ka san hannun da zai ɗaga ka gobe ba. In kana da uwa, ko yaya, ko maƙwabciya da kunya ta zaunar a ɗaki, tura mata labarin Hansai, in ba ta karatu ka zauna ka karanta mata.