Gyaɗa Mai Toka a Ƙofar Inji

Maigidana Malam Habila ba ya nan. Shi ne yake tsayawa a gaban ajin manya kowace Lahadi ya ba mu misali, yanzu kuwa ya tafi wurin Ubangijinsa, ya bar ni da yara da shagon hatsin da muke riƙe da shi tare. Dattawan ikkilisiya suka ce in riƙe ajin kafin a sami wani. Na ce musu karatuna bai wuce firamare ba, suka ce in faɗi abin da na sani. To, ni kasuwa na sani. Yawancinku kuma masu sana'a ne, akwai masu shago, akwai teloli da masu injin niƙa, akwai ma masu riƙe da manyan kujeru a kamfanoni, kuma duk kun ga yadda shekarar nan ta matse kowa. Ga misalin da na kawo muku.

Akwai wani mutum mai injin matsar man gyaɗa a bakin wani kogi. Ƙauyukan da suke kewaye da shi su ne suke noma masa gyaɗar. Matan garin kuwa su ne ma'aikatansa, su ɓare, su soya, su kwashe tunkuza su yi ƙuli-ƙuli. Mansa ya yi suna har birni, wani attajiri yakan zo da mota ya kwashe duk abin da aka matsa. A hayin kogin akwai wani mai inji irin nasa, sukan gaisa ranar kasuwa, amma kowa yana sa ido a kan cinikin ɗan'uwansa.

Sai aka yi wata shekara ruwa ya ɗauke tun gyaɗa tana fure. Kaka ta zo hannu wofi. Mai ya yi tsada ƙwarai, ga masu saye, amma babu abin matsawa. Mutumin ya riƙa zama a ƙofar injinsa yana kallon hanya.

Da bazara ta yi nisa, yunwa ta shiga gidaje, sai ga gyaɗa ta fara zuwa. Wannan ya kawo ƙwarya, wancan ya kawo rabin buhu. Mutumin ya yi murna, ya ce Allah ya buɗe ƙofa, ya sa aka share inji aka tayar da shi.

Wata safiya wata tsohuwa ta iso da tukunya a ka. Ya taimake ta ta sauke, ya sa hannu a ciki don ya duba kyan gyaɗar. Da ya fito da hannun, sai ya gan shi fari fat da toka.

A ƙasar nan kuwa, in manomi zai ajiye irin shuka, yakan bar gyaɗar da ɓawonta, ya barbaɗe ta da toka saboda ƙwari, ya liƙe bakin tukunyar da laka. Ba a fasa wannan tukunya sai ruwan shuka ya sauka. Mutumin ya juya ya dubi tsibin gyaɗar da ya saya a kwanakin nan, wadda matan suke ɓarewa. Zannuwansu duk sun yi furu-furu da toka, shi kuwa murna ba ta bar shi ya lura ba.

Ya ce, "Inna, wannan ai iri ne."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Ni na zuba tokar da hannuna."

"To in ruwa ya sauka, me za ki shuka?"

"Jikokina ba za su jira ruwa ba. Auna ka sallame ni, rana tana yi."

Ya auna mata dawa a bakin gyaɗarta, ta ɗaura a gefen zane ta tafi. Sa'an nan ya shiga ya kashe inji.

Matarsa ta ji shiru, ta fito daga cikin gida da muciya a hannu.

"Maigida, lafiya? Ko injin ne ya sake kwantawa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Gyaɗar nan ce ba za a matsa ba."

"To ado za mu yi da ita?"

"Iri ce, uwargida. Gonakin baɗi ne duka a zube a tsakar gidan nan. In na matse su bana, me zan matsa baɗi?"

"Baɗi! Mu da ba mu san yadda za mu kai damina ba, kai har ka isa baɗi?"

Shi ma tsoron yana cikinsa. Ya san cewa in inji ya daɗe a kwance, masu saye sukan manta hanya, kuma ba shi da wata sana'a sai wannan.

Duk da haka ya aika ƙauyuka aka faɗa cewa duk wanda yunwa ta sa zai rabu da irinsa, ya kawo nan a ba shi dawa. Ba a haɗa irin wani da na wani ba, gama kowane manomi ya san gyaɗar da ta karɓi gonarsa. Kowa da tukunyarsa, ya ɗaura mata ƙyallen da zai gane, a sake liƙe bakin, a jera a ɗakin ajiya. Matan da suke masa aiki kuwa, ya tara su ya gaya musu gaskiya. Ya ce, "Ba zan sallami kowa ba, amma ba zan iya ba ku abin da na saba ba ku ba. Aikinmu yanzu liƙe tukwane ne da korar ɓeraye. Mai son tafiya ba zan ji haushinta ba." Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Mu tafi ina, Baba? Ko ɓerayen ma nan suka tare." Aka yi dariya, aka kama aiki.

Dawar da ke rumbunsa ta ƙare. Ya sayar da amalankensa da bijiman da suke jansa, ya sayo wata. Matarsa ta yi mita har ta gaji, daga baya ta kora awakinta kasuwa ba tare da ya roƙe ta ba, ta ce kada ya kuskura ya yi mata godiya.

Ana nan sai ga attajirin birni da motarsa. Ya leƙa ɗakin ajiya, ya ga tukwane har bakin ƙofa.

"Mutumina, ka aiko mini cewa ba ka da gyaɗa. Waɗannan fa, duwatsu ne a ciki?"

"Ranka ya daɗe, irin mutane ne."

"Ba ka saya ba? Ƙwace ka yi?"

"Na saya."

"To naka ne. Tayar da inji, zan ninka maka kuɗin mai. Irin wannan kasuwa ba ta zuwa sau biyu."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Attajirin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "In na juya motar nan zuwa hayi, ba za ta sake sanin ƙofarka ba."

Da ƙyar mutumin ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Daga ranar, kullum sai iska ta kawo ƙarar injin hayi har cikin gidansa, gama mai injin can yana sayen duk abin da aka kai masa, da toka ko babu toka, ya matse. Ya yi sabon rufin kwano, ya sayo inji na biyu. Matar mutumin takan tsaya da tsintsiya ta ce, "Kana ji? Maƙwabcinka yana rera waƙa." A kasuwa aka sa masa suna mai gadin tukwane, har da waɗanda suka ci dawarsa a cikin masu kiransa haka.

Da ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu, ya buɗe ɗakin ajiya ya ce kowa ya zo ya ɗauki tukunyarsa. Manoman suka tsaya cirko-cirko. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Mai inji, ka san ba mu da abin fansa." Ya ce, "Ku je ku shuka. In kun girbe, kun san ƙofata." Tsohuwar nan ta gane tukunyarta tun daga nesa, ta ɗora ta a ka, ta ce a kauce mata hanya kafin laimar ƙasa ta gudu.

Ba duka ne suka shuka ba. Akwai wanda ya soye nasa ya cinye, akwai wanda ya ƙetara da nasa hayi ya sake sayarwa. Mutumin ya ji labari, ya ƙyale su. Amma yawancinsu sun shuka, Allah kuma ya ba da damina mai albarka. Da kaka, jakuna suka riƙa jerin gwano zuwa ƙofarsa, inji ya tashi, ƙamshin suya ya cika gari. Attajirin bai dawo ba, kamar yadda ya faɗa. Wasu masu saye ne suka zo, da kaɗan-kaɗan, kuma shekarar nan ba ta isa ta mayar masa da bijimansa ba.

A hayi kuwa ciyawa ce ta cinye gonakin gyaɗa, gama babu abin da aka shuka. Samari suka watse neman aiki. Injuna biyu suka kwanta a ƙarƙashin sabon kwano.

Wata rana mai injin hayi ya ƙetaro a kwalekwale da buhuna wofi. Ya zaga ƙauyuka yana taya gyaɗa da tsada. Kaɗan suka sayar masa, saura suka ce tasu tana da mai ita. Daga ƙarshe ya zo ƙofar mutumin, ya gaishe shi yana kallon ƙasa.

"Ɗan'uwa, ka sayar mini ko kaɗan ne, in ji ƙarar injina."

"Ta matsa ba zan ba ka ba. Amma zan cika maka buhunan nan da iri, ka kai wa manomanka su ajiye."

Matarsa ta ja shi gefe. "Shi da ya ɗauke mana attajiri? Maigida, wai kai ba ka gajiya?"

Ya ce, "In hayi ya mutu, yunwarsu a kwalekwale za ta ƙetaro, nan za ta sauka."

Mai injin hayi ya sunkuya ya buɗe bakin buhu, aka fara zuba masa.

Ma'anar wannan misali ita ce, injin nan sana'arka ce, ko teburi ne a bakin hanya ko kamfani mai ma'aikata da yawa. Ƙauyukan su ne mutanen da sana'arka take tsaye a kansu, masu yi maka aiki, masu kawo maka kaya, masu saye a wurinka, da unguwar da take shan hayaƙinka da ƙararka. Irin kuwa shi ne abin da mutum zai rayu da shi gobe.

A lokacin wahala mutane da ƙafarsu za su kawo maka irinsu. Ni da na binne miji, na san yadda mutum yake sakin abinsa da araha in duniya ta yi masa zafi. Mace za ta kawo keken ɗinkinta ta ce ka ba ta masara. Ma'aikacinka zai yarda ka raba albashinsa biyu ka ninka masa aiki, domin ba shi da wurin zuwa. Manomi zai sallama maka gonar gado a kan abin da bai kai kuɗin taki ba. Mai saye zai karɓi mudun da aka buga wa gindi bai ce uffan ba. Ku lura, mai injin hayi bai yi sata ba, babu alƙalin da zai kama shi. Ciniki ne aka yi da yardar kowa. Amma ya matse gonakin da suke ciyar da injinsa, ya wayi gari da ƙarfe biyu da ba sa cin komai sai tsatsa.

Ku lura kuma, mutumin nan ba wawa ba ne da ya rabar da dukiyarsa ya zauna. Bai sayar da injin ba. Ya rage abin da zai iya ragewa, ya gaya wa ma'aikatansa gaskiya a fuskarsu, ya riƙe su, ya riƙe manomansa. Taimakon da ya yi shi ne ya tsare sana'arsa. Ku da kuke kamfanoni, yana da kyau a haƙa wa gari rijiya a shekarar riba, a kafa allo da sunan kamfani. Amma ba a nan Allah yake auna ku ba, mutanen gari ma ba a nan suke auna ku ba. Ranar da kasuwa ta faɗi, aka zauna a ofis ana neman wanda za a fara zubarwa, ranar ce ake sanin ko ku maƙwabta ne.

Ba zan yi muku alkawarin cewa ba za ku yi hasara ba. Attajiri ya tafi bai dawo ba, wasu kuma sun ci amanar mutumin. Za a yi muku dariya a kasuwa, wataƙila har a cikin gidanku. Amma na tabbata da wannan, ban kuwa yi shakka ba: wahala tana wucewa, mutane suna nan, kuma suna tuna wanda ya bar musu abin tashi. Ubangiji da ya ba ka sana'a bai ba ka ita kai kaɗai ba. Don haka a makon nan, kafin ka ce an yi ciniki, tambayi kanka abin da wancan zai rayu da shi bayan ya bar ƙofarka.

Ku sunkuyar da kai mu roƙi Allah tare.

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ba da ruwa da rana, kai ne mai buɗe kasuwa. Ka ga yadda kwanakin nan suka yi mana nauyi. Ka tsare mu daga ribar da za ta kashe maƙwabcinmu. Ka ba masu shago da masu kamfani a cikinmu ƙarfin zuciya su riƙe mutanensu, ko da za a yi musu ba'a. Waɗanda yunwa ta kai su bango, ka haɗa su da masu jin tsoronka. Ka kai mu kaka tare, ba wanda aka bari a hanya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Duka mu ce, Amin.