Hatimi Goma na Tuukka

Akwai wani ɗalibin jami'a a garinmu nan ƙasar Finland, sunansa Tuukka, ɗan shekarar farko, shiru-shiru da shi. Ranar jajibirin Vappu, bikin ɗaya ga Mayu, ƙungiyar sashensu ta raba wa sababbin ɗalibai kati. Duk kofin giyar da ka sha a buga maka hatimi ɗaya a katin, wanda ya cika goma shi ne ɗan gari.

Shugaban ƙungiyar, Aleksi, ji da kai kamar ya yi masa yawa. A hatimi na shida Tuukka ya ce masa, "Ni fa na ƙoshi."

"Ka ƙoshi? Kai ɗan mama, madara za mu kawo maka?"

Aka kwashe da dariya. Kunya ta sa ya shanye sauran huɗun.

Kafin la'asar ya zube a ciyawar filin shaƙatawa. Venla, 'yar ajinsu, ta duba shi ta ce, "Aleksi, leɓensa ya canza launi. Mu kira motar asibiti."

"Ke dalla can! Kin manta takardar jami'a? Cewa suka yi in aka ƙara kwasar wani namu zuwa asibiti, za su rufe mana ɗakin ƙungiya. Barci yake, zai tashi."

Haka kuwa jami'ar ta rubuta bara. Maganinta ke nan, barazana.

Sai suka ja shi bayan bishiya don kar masu gadi su gani, suka kwantar da shi rigingine, suka lulluɓa masa bargo, suka koma wajen kiɗa. Amai ya shaƙe shi, ya mutu a wurin. Wallahi har yau abin na ci mini rai, asibiti fa tafiyar minti biyar ce.

Jami'a ta sassauto tuta, ta kunna kyandir, ta aiko da saƙo wai ɗalibai su riƙa shan ruwa tsakanin kofi da kofi. Ɗakin ƙungiyar ma aka rufe shi.

Da mahaifiyar Tuukka ta zo kwashe kayansa, ta nemi ganin Aleksi.

"Ɗana, ba faɗa na zo yi ba. Wa ke riƙe da shi a lokacin? Ya ce wani abu?"



"Ba kowa a wurin," in ji Aleksi.

Darasi: In abokinka ya ce ya isa, ka ƙyale shi. In ya faɗi, nemo taimako nan take, ko da hukunci zai biyo baya. Ku kuma masu makarantu, barazana ɓoyo take koya wa yara. Ku tura wa duk mai ɗa ko ƙani a jami'a.