Igiyar Madugu Jatau

An ruwaito a littattafan mutanen da, Allah shi ne masani, cewa a birnin Gwalma an yi wani attajiri ana ce da shi Nakande, mai ayarin raƙuma da marina da majema. Kowace kaka yakan zauna ya yi kasafin shekara, ya ware wa kowane sashe rabonsa. Yana kuwa da doka guda: wanda ya dawo da saura, baɗi a zabge masa rabo gwargwadon abin da ya rage.

Ana nan sai ya lura madugun ayarinsa, Jatau, ko wuri ba ya maidowa. Hanya ta yi kyau ko ta ɓaci, rabo ya ƙare cif. Zuciyar Nakande ta ƙi kwanciya, ya ja shi gaban Sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan dace ya yi yawa. Ɓarawo ne, a ɗaure shi."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, a je a tone gidana."

Nakande ya ce, "Oho! Wa ya ce a gida ka binne?"

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya gyara zama, ya ce, "Zaki, an ce wani mai rijiya a bakin hamada yakan auna wa kowane gida ruwa da guga. Gidan da ya kwana da saura a randa, gobe a rage masa. Wata rana ya ritsa wata tsohuwa tana sheƙar da ruwa bayan danga, ya ce, 'Iya, wannan ɓarna fa?' Ta ce, 'Ɗan nan, gobe ina da baƙi. In na ajiye, da ƙishirwa za ka saka mini.' Bai gane ba har rijiya ta ƙafe."

Sannan Waziri ya juya ya ce, "Kai Jatau, in shekara ta zo ƙarshe, me kake saye da sauran?"

Jatau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Igiya."

Aka aiki dogarai ɗakin ajiyar Nakande kansa, suka tarar da igiya har rufi, gara na ta biki a ciki.

Jatau ya ce, "Na taɓa maido saura, aka zabge mini. Da baɗi ta zo aka yi fari, harawa ta yi tsada, raƙuma suka mutu a hanya, aka ce sakacina ne."

Nakande ya yi tagumi. Waziri ya ce, "A yi kasafi bisa bukatar tafiya, ba bisa ragowar bara ba. Abin da ya saura a ajiye shi don shekarar fari, a kuma yanka wa mai tattalin ladansa."

Sarki ya sallami Jatau da mutuncinsa, ya yafa wa Waziri alkyabba. Masu hikima suka ce: wanda ya hukunta mai tattali, shi ya gayyaci gara walima.