'Ya'yan Mushtari da Dabinon Malam Cindo

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku. Ban taɓa zama a aji ba, amma in na ga aiki na san shi.

Malam Cindo maƙwabcinmu ne. Yana saurayi ya yi wa masu awon ƙasa dako, suka bar shi ya leƙa madubinsu na hangen nesa sau ɗaya tak. Ya dawo gari ya ce tauraron nan Mushtari yana da 'ya'ya huɗu a jere. Shekara hamsin ana masa dariya. Ko shaida ya je bayarwa sai wani ya ce, "Malam, wannan ma a wajen 'ya'yan tauraro ka gano?" Da yanar ido ta fara rufe masa gani, ya tara 'ya'yansa uku, ya ce wanda ya wanke shi kafin ya makance, dabinon ƙofar gida nasa ne.

Lantana, babbarsu, gyaran tabarau take yi a birni. Wata bakwai tana gwada gilasai a cikin bututun ruwa, tana cirewa tana sakewa, har ta haɗa madubin da ke jawo nesa kusa.

Sai dai abin rawa yake, ka yi numfashi tauraro ya gudu. Ƙanenta Sallau, mai aikin kafinta, ya ɗauko tsohon turmin uwarsu, ya cika shi da yashi, ya sassaƙa gwafa mai juyawa ya kafa. Madubi ya tsaya kyam, ko akuya ta goga ba ya motsi.

Bayan isha tsoho ya leƙa, dattawa na tsaye a kansa. "Uban kaɗai nake gani," in ji shi. Aka fara gyaran murya. Autarsu Kande mai ƙosai, wadda fitar asuba ta koya mata halin ƙananan taurari, ta bi gida-gida ta sa aka kashe fitilu. Ta dawo ta ce, "Baba, ƙura musu ido kake yi, su kuwa kunya gare su. Yi musu kallon suruka, ta wutsiyar ido." Ya ɗan kau da kai. Sai muka ji yana ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Bayan shi liman ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Cindo, ka yafe mana."

Kafin kaka idon ya rufe, amma sunansa a wanke. Dabino kuwa ɗaya ne, ba goro ba ne balle a ɓara. To, ku masu boko, wa za a ba a cikin ukun?