Injiniya da Igiyar Gilashi

Na rantse da Allah, ko sau uku kuka karanta wannan ba za ku yarda ba. Ni dai na faɗa.

Akwai wani saurayi da ake kira Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa. Shekara ɗaya ya yi a makarantar koyon sana'a ya dawo, ya ce malaman ne suka roƙe shi ya tafi don ya fara fin su. Ga tsokana. Shi ne ya taɓa juya wayoyin gidan kawunsa, in an kunna fitila fanka ta tashi. Amma tsakani da Allah, yaron yana da hannu.

Ƙauyensu a cikin kwari yake, ba a samun sabis sai an hau tudu. Shi ya sa da aka fara ja wa gidaje igiyar intanet, wadda ake cewa faiba, ƙanwarsa ta dage sai da aka jawo musu. Ta gama karatun jinya, shekara biyu tana zaune tana neman aiki.

Mai haɗa igiyar wani dattijo ne marar yawan magana. Ya jawo ta daga turke ta sama, ta gifta bishiyar ƙofar gida, ta shiga ta taga zuwa wani ɗan akwati mai koriyar fitila. Ya yi bayani a kanta, amma Injiniya bai ji ko ɗaya ba. Yana can yana gaya wa maƙwabta cewa da shi aka ba aikin da tuni an gama.

Ana nan wani babban asibiti ya kira ƙanwar intabiyu ta bidiyo, ranar Laraba ƙarfe huɗu na yamma. Saƙon ya ce wanda bai shigo a kan lokaci ba an wuce shi.

Ranar Laraba da hantsi hadari ya haɗo, aka yi iskar da ta kwashe kwanon gidaje. Reshe ya karye ya danne igiyar, ta sauko tana lilo daidai kan mutum. Da ruwa ya tsagaita ƙanwar ta ruga ta duba akwatin. Fitila kore shar. Ta yi hamdala ta koma karatunta. Inna ta ce kada wanda ya taɓa igiyar nan sai an gama intabiyu.

Sai wani maƙwabci ya zo wucewa ya ce, “Ga Injiniya a gida, ga igiya tana neman jan ƙasa.”

Shi ke nan. Yayyafi ya dawo, kowa ya shige gida, Injiniya ya ɗauko tsani. Ya ture reshen, igiyar ta saki. Dabararsa irin ta wayar wuta ce: a yanke, a rage tsawo, a murɗe, a naɗe da salatif. Aikin minti biyar.

Ya datse ta da filaya. Ya fere baƙar robar yana neman jan ƙarfe. Babu. Sai wani siririn zare kamar gashin kai, yana murɗawa ya karye. Ashe gilashi ne. Ya ƙara yankewa gaba, ko jan ƙarfen yana can ciki. Ya sake yankewa. Yanka huɗu ya yi, kowanne ya kai tsawon hannu, kafin ya lura bakin nan biyu sun daina haɗuwa.

Daga cikin ɗaki ya ji muryar ƙanwar: “Yaya, fitilar ta koma ja.”

Ya naɗe guntayen ya cusa a aljihu, ya shiga ya ce iska ce ta ƙarasa tsinka ta, shi ma haka ya tarar. Ya ce su kwantar da hankali, yanzu zai hau tudu ya kira dattijon.

A waya dattijon ya tambaye shi sau biyu: an taɓa ta? Tsinkewa ce kawai, ko wani yanki ya ɓata? Injiniya ya ce tsinkewa ce kawai. Dattijon ya ce ruwa ya yanke hanya mota ba ta wucewa, zai taho a babur da na'urar haɗawa kaɗai.

Ƙarfe ɗaya ta yi, biyu ta yi, uku ta yi. Ƙanwar ta shirya tsaf ta zauna gaban kwamfuta, ta zuba wa jar fitilar ido. Inna ta kasa zama, daga ƙofa sai taga. Can ƙanwar ta ɗago ta ce masa Allah ya bar mata shi, da ba don shi ba wa zai hau mata tudu cikin ruwa. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Uku da rabi dattijon ya iso, taɓo har gwiwa. Ya hau tsani, ya juya bakin igiyar, ya jawo ɗayan, ya auna ratar da ido. Ya sauko a hankali.

“Inna, in iska ta tsinka igiya, bakin yakan yi gashi-gashi. Wannan filaya ce.” Ya dubi Injiniya. “Da ka gaya min gaskiya, ɗana, da na ɗauro sabuwa a bayan babur. Yanzu ba ni da abin cike wurin.”

“Yaya, kai ne?”

Injiniya ya zaro guntayen daga aljihu ya miƙa. Ƙanwar ta zauna a dandamalin ƙofa, ta haɗa kai da gwiwa.

Dattijon ya dubi agogo ya ce tunda igiya ba za ta kai ɗaki ba, a kawo ɗakin wurin igiya. Ya sauko da bakin da ke jikin turke ya fara haɗawa. Aka kinkimo tebur, akwati, batirin sola da kwamfuta zuwa bakin hanya. Amma bayan ƙanwar duk taɓo ne da awaki da 'yan kallo. Inna ta yaye farin zanen gado ta danƙa wa Injiniya, ta ce ya ɗaga sama ya zama bango.

Huɗu da minti tara fitila ta koma kore. An riga an wuce ƙanwar. Aka rubuto mata ta jira a layi, in lokaci ya rage za a kira ta.

Ba wanda ya san yaushe za a kira, don haka bango ba ya sauka. Awa ɗaya da minti goma Injiniya yana tsaye hannu a sama, kafaɗunsa kamar an zuba musu wuta. Kawunsa ya zo ya tsaya kusa da kunnensa, ya ce a hankali yau dai an samu aikin da ya iya.

Biyar da ɗan wani abu aka kira ta. Ta amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wata likita ta tambaye ta me ya sa bangon ɗakinta yake motsi. Ta ce iska ce.

Kwana tara ba ta ce masa uffan ba, ko gaisuwa. A kwana na goma saƙo ya zo an ɗauke ta. Ta leƙo ta taga ta ce, “Yaya, na samu,” ta mayar da labule.

A can waje ta same shi, domin dattijon ya ce sabuwar igiya ta ƙarƙashin ƙasa za a bi da ita, Inna kuma ta ce ba sai an nemo mai haƙa ba, akwai shi a gida. Daga turke zuwa taga taku tamanin da uku ne, ƙasar duk tsakuwa. Na san lissafin sarai, don da yatsa ɗaya nake rubuto muku wannan, sauran duk sun yi bororo.

Darasi: Abin da ba ka sani ba, kada kunyar mutane ta sa ka kai masa hannu. In kuwa ka riga ka ɓata, faɗi gaskiya tun ana iya gyarawa, domin ƙaryar da ka rufe kanka da ita wani ne zai sha wahalarta. Ku tura wa duk wani Injiniya da ke gidanku, kafin ya ɗauko tsani.