Man da Sadisu Ya Ƙi Tambaya

A Tarai akwai wani direba mai suna Sadisu, wanda Allah ya zuba wa girman kai da taurin rai. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mutumin da tambaya take yi wa ciwo kamarsa ba. Gara ya ɓata a hanya ya wuni yana bulayi da ya tsaya ya ce wa wani, "Malam, ina aka nufa nan?" Idan kuwa wanda ya san amsar yayansa Munzali ne, to ya gwammace ya mutu da jahilcinsa.

Asalin gabar tasu mota ce. Mahaifinsu ya rasu ya bar tsohuwar a-kori-kura, wadda da ita ya ciyar da gidan tun suna yara. Munzali bakanike ne, yana da garejinsa a Rano, don haka mahaifiyarsu Hajiya Jumai ta ce a ba Sadisu makulli tunda shi ba shi da sana'a. Munzali bai yafe wannan hukunci ba. Shi ma Sadisu bai yafe wa Munzali maganar da ya yi a gaban dangi ba, cewa motar ba za ta shekara a hannunsa ba. Tun daga ranar ya daina ce masa Yaya, sai dai Bakanike. Motar nan kuwa ita ce cin gidan Hajiya, ita ce cefanenta, ita ce kuma abin da take kallo ta tuna mijinta.

Kafin rasuwar tsohon, Munzali ya sa wa motar matatar iska irin wadda ba a yarwa, makanikai suna ce mata filta. Aikinta ta tare ƙura kada ta shiga inji. Irin wannan idan ta yi datti wanke ta ake yi a mayar. Sadisu ya ji an ce ba a canza ta, sai ya ɗauka ba a taɓa ta ma. Ya yi ta zirga-zirga a hanyar burji, yana kwasar masara da dawa daga gonaki zuwa kasuwa, bai taɓa buɗe akwatinta ba.

Da kaka ta kama, injinan casa suka cika gari da ƙaiƙayi, sai mota ta fara nishi. Ya taka ta ƙi ja, ga shan fetur kamar ana zubarwa a ƙasa. Wata ranar kasuwa ta mace masa a tsakiyar tashar Kibiya, kuma aka yi rashin sa'a Munzali yana wurin, ya zo duba motar wani. Ba wanda ya kira shi. Ya taho yana goge hannu da tsumma, ya ɗaga bonet, ya zaro filtar ya ɗaga ta sama yadda duk direbobi za su gani. Ta toshe ta yi baƙi ƙirin, ƙasa har tana zuba.

"Ku zo ku ga gonar Sadisu," in ji Munzali. "Saura kaɗan ya shuka gero a ciki."

Aka kwashe da dariya. Sadisu ya ce, "Ajiye min kayana, Bakanike. Ban kira ka ba."

"Ba don kai nake yi ba, don motar ubana nake yi. Buɗe kunnenka. Mai bin kwalta yana iya daɗewa bai wanke ta ba. Kai da kake cikin burji da ƙaiƙayi, duk mako ka buɗe ka duba. Idan ka ga ƙura ta rufe ragar, ka wanke ta a hankali, ka shanya a inuwa ta bushe sarai, sannan ka sa mata mai. Idan ba ta yi datti ba ka ƙyale ta. Ka gane, ko sai na faɗa da Fulatanci?"

Ya kakkaɓe ta, ya mayar, mota ta tashi. Sadisu ya ja ta ya fita ko waiwaye bai yi ba, zuciyarsa tana tafasa.

To, a nan mugun halin Munzali ya fito shi ma. Ya ce a sa mata mai, amma da gangan bai faɗi wane mai ba. Filtar tana da nata man na musamman, wani ja a 'yar kwalba, kuma kwalbar tana kan kanta a garejinsa. So yake ƙanen ya tako har Rano, ya tsaya a gaban mutane ya ce, "Yaya, wane mai?" Abin da yake jira ke nan.

Sadisu ya koma gida yana juya kalmar. Mai dai ai da yawa yake. Fetur mai ne, amma yana zubawa zai bushe. Baƙin mai na inji kuma a ganinsa ƙazanta ne, yaya za a wanke abu a mayar masa da baƙi? Yana cikin wannan tunani sai idonsa ya faɗa kan galan ɗin matarsa Ramlat, wadda take sana'ar ƙuli-ƙuli. Man gyaɗa ne garai-garai, sabon matsa. Ya ce a ransa, duk duniya akwai man da ya fi wannan tsabta?

Ramlat ta same shi a tsakar gida yana tsoma filtar cikin kwano. Ta ce, "Maigida, anya? Da ka kira Yaya Munzali ka ji ko irin wannan ake sawa."

"Idan kika ƙara ambata min sunan mutumin nan a gidan nan, ranki zai ɓaci."

Ta koma kan ƙuli-ƙulinta.

Bai tsaya nan ba. Tunda an yi masa gorin datti a tasha, sai ya rantse ba wanda zai ƙara ganin ƙura a filtarsa. An ce ya duba duk mako, shi kuwa ya mayar da abin kullum. Da ya dawo daga aiki sai ya cire ta, ya zuba garin sabulu, ya sa burushin wanki ya dirje ta kamar yana wanke ƙafar wando. Wani lokacin ko bushewa ba ta gama yi ba zai dulmiya ta a man gyaɗa ya mayar. Audugar ciki ta fara saki, tana yin sirara. Man kuma ya yi danƙo, yana kama ƙaiƙayi. Da safe idan ya tayar da mota, har wani ƙamshin suya take yi, shi kuwa gogan yana jin daɗi wai inji ya samu gyara.

Ramlat ta ga manta yana ƙarewa, kuma hankalinta bai kwanta ba. Da suka haɗu a wani suna a Madachi, ta ja Mufida matar Munzali gefe ta faɗa mata komai, ta roƙe ta ta sanar da mijinta. Mufida ta isar da saƙo. Munzali ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Man gyaɗa? To ya ƙara da gishiri da yaji."

"Haba Malam, ka kira shi mana. Motar Hajiya ce fa."

"Ya san hanyar Rano. Ranar da bakinsa ya iya cewa Yaya, zan ba shi kwalbar kyauta."

Bai kira ba. Wallahi wannan abu har yau yana ba ni haushi, domin kira ɗaya ya isa.

A gefen rumbu Sadisu yake ajiye motar, inda ɓeraye suka yi sansani. Ƙamshin gyaɗa ya kira su, suka bi ta bututun iska suka shiga akwatin. Suka fara da gefe-gefe. Sadisu ya ga 'yan ƙananan huji, ya san akwai matsala, amma gyaranta yana nufin zuwa Rano. Sai ya daina buɗe akwatin gaba ɗaya, don kada idonsa ya gane masa abin da zai kai shi wurin Munzali. Haka ya ci gaba da bin burji, inji yana shaƙar ƙasa da ƙaiƙayi kai tsaye. Mota ta fara hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai, tana wata ƙara daga ciki. Direbobi suka yi masa magana, ya ce su ji da nasu.

Ranar da abin ya faru, ya yi lodin masarar maƙwabta zai kai kasuwa. Bai kai Kibiya ba inji ya yi wata ƙara mai ƙarfi, ya buga, mota ta tsaya cak. Masu masara suka yi ta zaginsa a bakin hanya, har aka samo wata motar ta kwashe kayan. Tasa kuwa da igiya aka jawo ta zuwa ƙofar gida.

Hajiya Jumai da kanta ta aika a kira Munzali. Ya zo da yamma, mutane sun taru. Ya buɗe akwatin, sai ga rabin filtar babu, ɓeraye sun yi sheƙa da audugar, har da jarirai jajaye a ciki. Ya kwance kan injin, ya sa yatsa ya shafo ƙasa mai kauri. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Hajiya, injin ya tafi. Ƙasa ta cinye cikinsa. Sai dai a sa wani, kuma kuɗin wani injin ya fi kuɗin motar."

Sai ya juya kan ƙanensa. "Na faɗa ko ban faɗa ba? Kai ko jaki aka ba ka riƙo sai ka kashe shi."

Sadisu ya yi kansa, aka rirriƙe su. Ana cikin haka Ramlat ta yi magana daga bakin zaure.

"Hajiya, ki gafarce ni. Yaya Munzali ya san da man gyaɗan nan tun ranar sunan Madachi. Ni na aika masa."

Hajiya ta dubi babban ɗanta.

"Gaskiya ne, Munzali?"

Ya sunkuyar da kai. "So nake ya zo ya tambaya."

Ta juya kan Sadisu. "Kai kuma me ya hana ka tambaya?"



Tsohuwar ta dafa jikin motar, hawaye yana zubo mata. Ta ce, "Ubanku ya riƙe ta da hannu ɗaya ta ciyar da mu. Ku da hannu huɗu kun kashe ta. Ku tashi ku ba ni wuri, ba na son ganin ko ɗayanku."

Bayan 'yan kwanaki 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da guduma da abin yanka. A ƙofar gidan suka farfasa motar. Hajiya tana ɗaki tana jin kowane bugu, ta ƙi fitowa, ta ƙi cin abinci ranar. Yanzu Sadisu lodi yake yi wa motocin wasu a tasha, Munzali yana garejinsa, kuma idan suka zo gaishe ta, daga bayan labule take amsa musu.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Matatar iska ba a barinta har ta toshe, ba a kuma dirje ta kullum don huce haushi. Hanyar da kake bi ita za ta gaya maka yawan dubawa, dattin da ka gani shi zai gaya maka lokacin wanki, kuma nata man ake sa mata, ba wanda ka ga dama ba. Abin da ya fi wannan girma shi ne, idan ba ka sani ba ka tambaya, ko da a bakin wanda ba ka ƙauna amsar take. Idan kuma kai ne ka sani, ka faɗa tun kafin a roƙe ka. Wanda ya ƙi tambaya da wanda ya ɓoye amsa laifinsu ɗaya, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne yake kwana da asarar.