Tafkin da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Ku matso kusa, yau shari'a na kawo muku, kuma kada wanda ya yanke hukunci kafin in kai ƙarshe.

Malam Isyaku tsohon safiyo ne. Shekara talatin yana auna filayen mutane, da ya yi ritaya sai ya ce yanzu kuma tasa ƙasar zai auna. Ƙasa ce da babu ita a duniya, ya sa mata suna Zarnu. A kan wata ƙatuwar takarda ya zana duwatsunta da fadamunta da kogunanta, yana bin ƙa'ida sai ka ce gwamnati ce za ta karɓi aikin. Maƙwabta na yi masa dariya, shi ko a jikinsa. Saura kogi ɗaya ya kai teku, ciwon ido ya tafi da ganinsa. Ana cikin haka gara ta shiga akwati ta cinye rabin taswirar. Ranar da ya ji takardar tana marmashewa a hannunsa, ya juya fuska bango. Sai an yi da gaske yake kai loma biyu, yana ta ramewa, har likita ya ce in bai ci abinci ba babu maganin da zai yi masa aiki.

Babbar 'yarsa Hansatu ta taho daga gidanta. Ita ce tun tana ƙarama take fiƙe masa fensir yana ba ta labarin kowane tudu. Ta zauna mako uku ta sake zana duk abin da gara ta ci, da ka, har da wani ƙauyen masunta da shi kansa ya manta. Amma me marar gani zai yi da takarda?

Sai ƙanenta Mudi, magini, wanda bai taɓa ganin amfanin wannan wahala ba, ya karɓi zanen. Ya kwaɓa yumɓu a tsakar gida ya gina Zarnu sukutum, faɗin tabarma huɗu, tsakuwa a kan tsaunuka, yashi a hamada. Shi da Hansatu suka ƙarasa kogin nan har teku. Aka kamo hannun tsoho aka ɗora masa a kan ginin. Ya bi tsaunukan da yatsa yana kiran sunayensu, hawaye na zuba, don bai zaci zai sake taɓa ƙasarsa ba. Ya sa musu albarka, sannan ya ce, "To, kun gama. Ku mai da ni ɗaki." Tuwon ranar ma bai taɓa shi ba.

Auta Rakiya ba ta iya zane ba, ba ta iya gini ba. Buta kawai ta ɗauko, ta tsiyaya ruwa a mafarin kogin. Ruwan ya gangara, ya kai gindin wani tsauni, ya tsaya ya taru. Yayyenta suka ce ta rufa musu asiri, kada ta ƙara wa tsoho ɓacin rai. Ta wuce ɗakinsa.

"Baba, koginka ya ƙi zuwa teku."

"Wane kogin?" Ya tashi zaune. "Kama ni mu je."

Ya tsoma yatsa a ruwan, ya shafa tsaunin, ya ja tsaki. "Wa ya gaya muku ruwa na hawa dutse? Mudi, miƙo yumɓu. Hansatu, ina gabas? Ke kuma auta, damo min kunu, wannan ɓarnar taku ba ta gyaruwa a yini ɗaya."

Ya sha kunun tas, washegari ya nemi tuwo. Cikin wata biyu kumatunsa suka dawo, kogi ya zagaye tsauni ya faɗa teku. Amma inda ruwan ya taru, ya hana a cike shi. Ya ce tafki ne, kuma sunan wanda ya dawo da shi cikin mutane zai sa masa. Kullum da hantsi yakan zauna gefensa yana wasa da ruwan, ya buɗe baki zai kira suna, sai ya tuna da sauran biyun, tausayi ya kama shi, ya fasa.

Tafki ɗaya ne, 'ya'ya uku. To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata Malam Isyaku ya sa masa?